Tsohon Babur da Littafin da Bai Iso Makarfi Ba

A gidaje da dama na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan akwai wani tsohon babur da aka jingine a zaure ko a bayan rumbu, tayoyinsa sun sace, kaji sun mai da kujerarsa wurin kwana. Galibinsu ƙanana ne 'yan Japan: Honda mai lamba 50 ko 70 ko 90, Yamaha Mate, Suzuki A100, jefi-jefi kuma a ci karo da Besfa 'yar Italiya. Da yawansu sun shigo ne bayan kuɗin Udoji na 1975, lokacin da malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan asibiti suka sauka daga kan keke. An yi shekaru babu mai waiwayarsu sai 'yan gwangwan. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi har sabuwar Boksa ta haura miliyan ɗaya, lissafi ya sauya. Babur mai ƙaramin inji wanda ba ya shan mai ya koma abin nema, 'ya'ya da jikoki sun fara karkaɗe ƙurar gado.

A Ingila ko Amurka tayar da irin wannan babur sha'awa ce ta masu hali, a goge shi a kai shi baje koli. A Hunkuyi ko Paki ko Gubuchi kuwa, wanda ya tura shi zuwa wurin bakanike yana son abin da zai kai shi gona da asuba, ya ɗauko masa mazarƙwaila zuwa kasuwar Laraba ta Makarfi, ya kai maras lafiya asibiti cikin dare. Kuɗin da zai zuba wataƙila na tumatir ɗin rani ne gaba ɗaya. In gyara ya ɓaci, babu na sakewa.

Abin da ya fi kawo cikas ba kayan gyara ba ne, ko da yake su ma suna da nasu ciwon kai. Injin Honda Super Cub, wanda aka fara sayarwa a 1958 kuma aka ƙera sama da miliyan 100 kafin ƙarshen 2017, shi ne kamfanonin Sin suka kwaikwaya a yawancin ƙananan babura masu kwantaccen inji da ke cike da tituna a yau. Saboda haka fistin da ringi da gaskit masu kama da nasa suna nan a Sabon Garin Zariya da Kano, suna tasowa daga Legas da Nnewi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lambobi, wato ma'aunan da masu ƙera injin suka ajiye domin a bi.

Misali ɗaya ya isa ya nuna nauyin maganar. A injin Honda C70, tazarar da ake bari a bakin bawul ita ce milimita 0.05, kuma ana auna ta ne inji yana sanyi. Wannan kusan rabin kaurin takardar rubutu ne. In an matse ta fiye da haka, bawul ba zai zauna daidai ba idan inji ya ɗau zafi, sannu a hankali ya ƙone, babur ya riƙa ƙin tashi. In an sake ta da yawa, sai ƙara da rashin ƙarfi. Bakin filogi yana son milimita 0.6 zuwa 0.7, bakin kwantak na tsofaffin samfura 0.3 zuwa 0.4. A jikin magnito akwai haruffa biyu, T da F: na farko yana nuna inda fistin ya kai ƙololuwa, a nan ake saita bawul, na biyu yana nuna lokacin da wuta za ta tashi. Wanda ya rikita su zai yi wuni yana buga kik yana zargin kafireta. Baƙin man da injin ke ɗauka bai kai lita ɗaya ba, ga kuma wata matatar mai da ke ɓoye a jikin kuloci, wadda ke tara datti shekara da shekaru ba tare da mai babur ya san da zamanta ba. Duk waɗannan ba su cika shafi biyu ba, amma su ne bambancin injin da zai yi shekara goma da wanda zai buga kafin damina.

Littattafan da ke ɗauke da su iri uku ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai ɗan ƙaramin da ke zuwa da sabon babur a cikin jakar sufana, mai bayanin canjin mai da iskar taya. Akwai babban littafin gareji da kamfani ke bai wa dillalansa, mai bayanin kwance inji da ɗaure shi, da iyakar cinyewar da kowane ƙarfe zai yi kafin a jefar da shi. Na uku shi ne kundin kayan gyara, zane ne zalla: an warwatsa kowane sashe na babur a kan takarda, kowace kusa da wasa da lambarta. Ga bakaniken da bai yi nisa a boko ba, na ukun nan ya fi sauran amfani nesa ba kusa ba, domin zane ba ya bukatar tafinta. Shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Babu ɗaya daga cikin ukun da ya yi zama mai tsawo a wannan yanki. Na cikin jaka gara ta cinye shi ko an ƙunshe ƙosai da shi tun zamanin Shagari. Na gareji bai taɓa barin hannun manyan dillalai ba. Honda ta kafa masana'antar haɗa babura a Ota ta jihar Ogun a 1979, kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki a Legas, John Holt yana riƙe da Yamaha. Babura sun hau mota sun zo Arewa, takardunsu sun tsaya a Kudu. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya cinikin sababbin 'yan Japan, daga baya Jincheng da 'yan'uwanta suka mamaye kasuwa, sai igiyar ta tsinke baki ɗaya.

Yau mai wayar hannu da ɗan data yana iya samun abin da dillalin Zariya na wancan zamani bai mallaka ba. Kamfanin Haynes na Ingila, wanda aka kafa a 1960, ya buga littafi guda a kan C50 da C70 da C90, an yi shi ne bayan an kwance babur an ɗauki hoton kowane mataki. Clymer na Amurka ma yana da irin nasa. Masu sha'awar tsofaffin babura sun ɗora littattafan gareji da dama a intanet, wasu a rumbun Internet Archive, kuma wani kamfanin sayar da kayan gyara na ƙasar Holan mai suna CMS ya baje zanen sassan tsofaffin baburan Japan a shafinsa, kowa na iya dubawa ba tare da ya sayi komai ba.

Sai dai a nan ne tarko yake. Sunan da ke rubuce a jikin babur ba shi ne ainihin shaidarsa ba. An yi ta ƙera C70 tsawon shekaru, ana sauya ta daga shekara zuwa shekara, daga kasuwa zuwa kasuwa. A farkon shekarun 1980 aka fara barin wuta mai bolt 6 da kwantak, aka koma bolt 12 da akwatin CDI. Wanda ya sauke zanen wayoyin samfurin Amurka ya bi shi a kan babur ɗin da aka haɗa a Najeriya zai iya ƙona kwan fitila da kwayil a yini ɗaya. Saboda haka aikin farko shi ne kankare datti a karanta lambar firam da lambar inji, a rubuta su, da su za a nemi littafi. Sau da yawa ma za a tarar lambobin biyu ba 'yan gida ɗaya ba ne, domin wani ya sauya inji shekara ashirin da suka wuce. Irin wannan babur littafi biyu yake bukata. Haka nan kayan Sin da ido ke gani iri ɗaya da na asali ba kullum suke shiga ba, wani lokaci bambancin milimita guda ne a kaurin fil ɗin fistin, kuma mai shago ba zai karɓi abin da aka riga aka buɗe ba.

Masu hayaƙi, wato Yamaha Mate da Suzuki A100 da danginsu, suna da nasu sirrin. Suna da famfon da ke tura man inji da kansa daga wani ƙaramin tanki. Al'ada ta yaɗu cewa in famfon ya tsufa a cire shi kawai a riƙa zuba man a cikin fetur. A wasu injinan wannan dabara tana tafiya. A wasu injinan Suzuki kuwa famfon yana kai mai kai tsaye zuwa boris ɗin kiranshaf ta wata hanya ta daban, in an cire shi boris ɗin zai bushe ko da an cika tanki da mai. Babu kunnen da zai ji wannan kafin ɓarna ta auku. Zane ne kaɗai ke nuna shi.

Kada a ɗauka wannan raina tsofaffin makanikai ne. Dattijon da ya yi shekara arba'in a gindin bishiya a Tashar Yari yana riƙe da ilimin da babu shi a Haynes: yadda ƙurar hunturu ke toshe matatar iska cikin mako biyu, yadda gurɓataccen man bumburutu ke cin robar kafireta, wane ringi na kasuwa ne ke jurewa, wane ne na banza, yadda ake yanka gaskit daga kwali idan na kanti ya gagara. Wanda ya rubuta littafin a Ingila bai taɓa tunanin za a ɗora wa babur mai inji 70 buhun masara da mutum biyu ba. Honda da kanta ta taɓa koyon wannan darasi: a 1974 ta tura ma'aikatanta ƙasashen Asiya, suka tarar mutane na hawan babur da kaya fiye da kima, ba sa canja mai sai ya yi kauri kamar kwalta, daga nan aka ƙera CG125 a 1975 da injin da zai jure sakaci. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma zumar nan tana ƙarewa, domin yaran da ke koyon aiki yanzu a kan Boksa suka buɗe ido, sana'arsu cire tsoho a sa sabo ce, da yawansu ba su taɓa saita kwantak ba. Kuma ko dattijon, abin da ya riƙe da ka yana iya zamewa: lambar da ya haddace ta Benly ce, ya shekara talatin yana sa wa kowace Honda.

Ga ilimi rabi a waya cikin Turanci, rabi a kan tsofaffi cikin Hausa, kuma babu wanda aikinsa ne ya haɗa su. Abin takaicin shi ne duk wannan yana faruwa ne a ƙofar Zariya, garin da ya fi kowane gari a ƙasar Hausa sanin yadda ake mai da ilimin aiki ya zama ƙaramin littafi. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan R. M. East da Abubakar Imam suka rubuta jerin Ikon Allah domin bayyana kimiyya da Hausa. A nan hukumar NORLA ta cika kasuwanni da ƙananan littattafai masu araha a shekarun 1950. Har gobe cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana isar wa manoma bayanin taki da iri da harshensu. Manomin rake ya samu mai yi masa bayani. Bakaniken da ke gyara abin da ke kai raken kasuwa bai taɓa samu ba, sai ka ce babur ba kayan noma ba ne.

Abin da ake bukata bai kai a kira shi shiri ba. Kati ɗaya ne ga kowane samfuri, gaba da baya, a lulluɓe shi da leda saboda maiƙo: yadda ake gane samfurin daga lambar firam, tazarar bawul da filogi da kwantak, yawan mai, launin wayoyi da inda kowace ta nufa, da jerin kayan kasuwa da aka gwada aka ga suna shiga. A rubuta shi da kalmomin da ake faɗa a gareji, filogi da bawul da kafireta, kada wani malami ya zauna ƙirƙiro musu sunayen da ba wanda zai gane. Ba sai an kwafi littafin kowa ba, sabon rubutu za a yi daga ma'aunan da aka tabbatar a jikin babur. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli tana da ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara, cibiyar fasahar sufuri ta NITT ma a Zariya take. Ɗalibi biyu da dattijon bakanike ɗaya da babur ɗaya a kwance a gabansu za su gama katin samfuri guda cikin zango ɗaya, a biya dattijon ladan iliminsa, a sa sunansa a kan katin. Wanda ba ya karatu a karanta masa a saƙon murya na WhatsApp, hanyar da makanikai suka riga suka saba aika wa juna labarin farashi.

Za a ce wahalar ta fi ribar, tunda baburan sun kusa shekara hamsin kuma adadinsu raguwa yake. Gaskiya ne ba kowanne ya cancanci tayarwa ba: wanda tsatsa ta ci firam ɗinsa ta ciki haɗari ne a kan titi, gara a bar wa 'yan gwangwan. Amma katin C70 ba na C70 kaɗai ba ne, tunda jikokin injinta 'yan Sin suna ko'ina, kuma su ma ɗan littafin da ke zuwa da su ba ya kai wata guda. Boksar da ake yayi yau ita ce tsohuwar gobe.

Kafin wata cibiya ta motsa, ma'aikacin da ya gaji irin wannan babur a gidansu yana da abin yi a hannunsa, domin shi ne mai Turancin da datar. Ya karanta lambobin biyu, ya nemo kundin zanen da ya dace da su, ya buga shafukan inji da kafireta da wayoyi a shagon kwamfuta, ya sayi ma'aunin siraran ƙarafan nan da ake zura wa bakin bawul, ya kai wa bakanike duka tare da babur. Ya kuma ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi. In aiki ya kammala, ya bar takardun a garejin.