Kafin A Sha, A Auna

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, gonakin Kura da Bunkure suka wadata da ruwa, shinkafa da tumatir suka yi albarka. Amma magudanan da suka kawo arziki sun zo da sauro da tsargiya. A kan wannan larura masu tallar magani a bayan mota suke cin kasuwa, suna shelar cewa garin maganinsu daga Indiya ya zo, yana kuma warkar da kowace cuta.

Babu mai musun cewa akwai waraka a tsirrai. Daga saiwar wani tsiro da masu maganin Indiya suka daɗe suna amfani da shi aka fitar da sinadarin reserpine a 1952, ya zama maganin hawan jini. Daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samo maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Sai dai duka biyun sai da suka bi ta ɗakin bincike, aka ƙayyade yawan da za a sha, aka gano illolinsu.

Darbejiya ma asalinta Indiya ne, ga ta a ƙofar kowane gida, amma wa ya auna yawan jiƙonta da hantar yaro za ta ɗauka? Yaron da ke fitsarin jini praziquantel yake buƙata. Duk makon da aka ɓata ana ɗura masa garin da ba a san sirrinsa ba, mafitsararsa ce ke ɗanɗana kuɗarta.

Wajibi ne NAFDAC da masanan Jami'ar Bayero su tattara waɗannan magunguna su gwada. Wanda ya tabbata a ba mai shi lasisi, wanda ya gaza a ƙwace lasifikarsa.