An shafe shekaru ana ƙera abin wasa, manhaja ta mayar da idonka kan waya

A watan Disamba na 2019 kamfanin Disney ya buɗe Star Wars: Rise of the Resistance a filin shaƙatawarsa da ke jihar Florida a Amurka. Mutum takwas ke shiga kowace mota, kuma babu layin dogo a ƙarƙashinta. Kwamfuta ce ke juya ta gaba, baya ko gefe, cikin ginin da aka yi wa fasalin jirgin yaƙin sararin samaniya. Tun a 2000 kamfanin ya fara wannan salon a Tokiyo, da Pooh's Hunny Hunt.

Da labari ake fara irin wannan aiki. Sashen Walt Disney Imagineering, wanda aka kafa a 1952, yana tara marubuta, masu zane, magina da injiniyoyi su tsayar da abin da suke so mai hawa ya ji. Daga nan sai zane, sai ƙaramin samfuri, sannan a gina komai a kwamfuta, a sa tabarau na VR a zagaya wurin tun ba a zuba siminti ba. Ana lissafin mutum nawa abin zai ɗauka a awa ɗaya, a kuma yi ta gwada motocin babu kowa a ciki. Majigi, lasifika da wayoyin lantarki duk ɓoye su ake yi, don ka manta cewa na'ura ce ke ɗauke da kai.

A ganina, kamfanin ya rage wa wannan wahala daraja a bakin ƙofa. Da aka buɗe wurin, ta manhajar My Disney Experience ake kama layi, kuma sau da yawa guraben kan ƙare cikin daƙiƙu. A 2021 aka kawo Lightning Lane, inda za ka biya ƙarin kuɗi ta waya ka tsallake layi. Iyali sun zo hutu, amma wani a cikinsu ya wuni yana duba allo yana fargabar caji.

Za ka iya cewa hakan ya fi tsayuwar awanni a rana, kuma akwai gaskiya a ciki. To amma wa ke cin riba? Mai saurin yatsa, mai intanet mai ƙarfi da mai kuɗi. Dattijon da bai saba da manhaja ba ya koma baya. Layi ma ɓangare ne na abin wasan, ya kamata a tsara shi da kulawar da aka bai wa motocin.

Idan kana burin ƙirƙirar manhaja, ɗauki darasi daga injiniyoyin nan. Ka auna aikinka da yadda mutum zai biya buƙatarsa da wuri ya mayar da wayar aljihu.