In tiya ta cika, ina geron zai zuba?

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Dungas ko ta Magarya ya san tiya tana da iyaka. In ta cika, ma'auni yakan tsai da hannu, kuma ya riga ya shimfiɗa buhu a ƙasa don kada abin da ya zube ya salwanta. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma tana da tiyoyin da take zuba lambobi a ciki, amma wannan hankalin ba ta da shi sai an koya mata. Don haka ne harsunan da ake rubuta mata umurni da su, irin su Ada da Python, suka tanadi hanyar da marubuci zai ce mata: gwada wannan lissafi, in ya ƙi, ga abin da za ki yi.

Ranar 4 ga watan Yuni 1996, kumbon Turai Ariane 5 ya tashi daga Kuru, a Giyana ta Faransa. Cikin daƙiƙa 40 ya kauce hanya ya tarwatse, da tauraron ɗan Adam 4 a cikinsa. Kwamitin bincike na Jacques-Louis Lions ya gano cewa wata lambar gudu ce aka tura a gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 32.767. Lambobi 7 ke cikin irin wannan haɗari. Aka kare 4, aka bar 3, wai a tsohon kumbo Ariane 4 ba su taɓa kaiwa can ba. Abin takaici, harshen Ada yana da maganin. Sai dai umurnin da aka bai wa na'urar in ta ci karo da kuskure shi ne ta kashe kanta, ta ko-ta-kwana kuwa ta riga ta faɗi da ciwo iri ɗaya.

To, ɗan canjin naira da sefa a hanyar Maigatari, da akawun da ke tsara albashi a ofis, abin nan ya shafe ku. In an kawo muku tsarin lissafi na sayarwa, kada ku tsaya ga kyan allo. Ku bar gurbin farashin canji ba komi, ku rubuta baƙi inda ake son lamba, ku kashe wuta ana tsakar shigar da kuɗi. Tsarin kirki zai tsaya, ya faɗi inda aka yi kuskure, ya mai da lissafi yadda yake da farko. Wanda ya yi shiru ya fito da jimla kamar ba abin da ya faru, ku mai da wa mai shi kayansa kafin ku biya ko dala.