Kafin mu ƙwace wayar, mu tambayi yaran me suke karantawa



Wasu iyaye a cikinmu suna ƙorafi kan littattafai da finafinan Turawa da yaranmu ke tura wa juna a waya, masu ba da labarin wata duniya ta nan gaba wadda ta lalace, mahukunta sun kasa jama'a gida-gida. Suna cewa ɓata lokaci ne. Mu dai a ganinmu, a bar su su karanta.

Mu ɗauki Divergent na Veronica Roth, wanda ya fito a 2011, aka yi fim ɗinsa a 2014. A cikinsa an raba mutanen birni rukuni biyar. Yaro na cika shekara 16 sai a gwada shi, ya zaɓi rukuni ɗaya, ko da zai rabu da iyayensa. Wanda halinsa ya dace da rukuni fiye da ɗaya kuwa, farautarsa ake yi.

To, wane yaron Gidan Waya ne wannan zai zame wa baƙon labari? Akwai wanda aka haifa a nan, aka haifi kakansa a Kafanchan zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, amma ranar da ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma sai a ce masa, "Asalinku ina ne?" Akwai yarinyar da ubanta Bahaushe ne, uwarta Bajju ko Kaninkon, kowane ɓangare yana yi mata kallon ta wancan. Da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi a masallaci da coci, amma da an ji ƙishin-ƙishin sai kowa ya nemi nasa.

Mun ga inda wannan ke kaiwa. Rikicin watan Maris na 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro, tsakanin ɗalibai, ya bazu har Zariya da Funtuwa. Na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992, sannan na bayan zaɓen 2011. Yaranmu suna jin ɓurɓushin waɗannan labarai a tsakar gida, kowa daga bakin nasa kaɗai. Littafi kan ba su damar shiga rigar wani.

Sai dai akwai gyara. Yawancin irin waɗannan littattafai da tawaye suke ƙarewa, a kayar da azzalumai, shi ke nan. Mu kuwa wanda ake nuna wa yaro a matsayin abokin gaba maƙwabcinsa ne, gobe a benci ɗaya za su zauna. Saboda haka muna buƙatar namu labaran. Ba sabon abu ba ne, tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Hausa sararin samaniya.

Shawararmu ita ce, a dogon hutu mai zuwa ƙungiya ta shirya gasar gajerun labarai ga 'yan sakandare, ba tare da duba yare ko addini ba, kowa ya rubuta yadda yake hango Gidan Waya nan da shekara 50. Mu roƙi malaman Kwalejin Ilimi da ke garin nan su yi alƙalanci. Iyaye kuma, kafin a ƙwace waya, a tambayi yaro wa ya fi tausaya wa a labarin. Amsarsa za ta gaya mana abin da ke cin ransa.

Allah Ya zaunar da mu lafiya.