Gyaran injin babur: ƙarfin ja muke so, ba gudu ba



Kaka ta yi, an sayar da wake da gujiya, kuɗi sun shigo hannu. Yanzu ne masu babur ke tahiya wurin makaniki. Wasu gyara suke nema. Wasu kuwa cewa suke: "A ƙara mini wuta!" Kan wannan nike son mu yi shawara.

Aikina na malamin gona bisa babur nike yin shi, gari zuwa gari, cikin rairayi. Na san inji shina tsufa. In ka ga hayaƙi mai shuɗi, man inji shina ƙarewa da wuri, babur ya kasa hawan tudu, to zobban fistan sun cinye. Wannan gyara wajibi ne. A sake zobba. In silinda ta ƙoƙe, a sa inji ya faɗaɗa ta kaɗan, a sa fistan da ya dace: akwai mai ƙarin milimita 0,25, akwai 0,50, har zuwa 1. Bayan gyara, kilomita 500 na farko a tahi sannu, ban da lodi, sannan a juye mai a zuba sabo.

Amma ƙarin wuta wani abu ne daban. Ana cire silinda mai 125 a ɗora mai 150, a buɗe hanyar isansi, a huda bututun hayaƙi. Har wasu na jefar da matacin iska, wai inji shi sha iska. Cikin ƙurar hunturu? Ƙura da mai in sun haɗu, kamar dutsen niƙa suke cikin silinda.

Ka lura, ɗan uwa. Daga 125 zuwa 150, an ƙara kashi 1 cikin 5. Isansi zai ƙaru, zafi zai ƙaru. Birki fa? Shina nan yadda kamfani ya yi shi. Tayoyi da sarƙa ma haka. Ga lissafi: in ka ninka gudu, daga 40 zuwa 80, nisan da birki ke bukata kafin ka tsaya ya ninka sau 4. Akuya ba ta jira, yaro ba ya jira.

Bara na ga wani saurayi ya sayar da rago don wannan aiki. Kafin damana inji ya kama, ya koma ɗaukar taki a kan jaki.

Za ka ce mini: "Malam, buhu biyu nike ɗaukowa daga kasuwa, babur ba ya ja cikin yashi." Gaskiyarka. Amma maganin ba cikin inji yake ba. Ka sa faifan sarƙa na baya mai ƙarin haƙora 3 ko 4. Gudu zai ragu kaɗan, ƙarfin ja zai ƙaru, kuɗin ma ba su kai ba. Ka riƙa tsabtace matacin iska, ka juye mai kan lokaci, ka tace isansin kwalba da tsumma mai tsabta kafin ka zuba.

Babur ɗin manomi shi ke kai mai naƙuda asibiti da dare, shi ke kawo iri da taki. Ka gyara shi ya daɗe. Kuɗin ƙarin wuta, ka sayi sabon birki da hular kwano da su, saura ka aje na iri.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Allah shi tsare mu bisa hanya, amin.