Gasar keke a hamadar Utah: Wa ke ɗaukar nauyin kasadar?

A watan Oktoban 2025, ɗan wasan keke na ƙasar Sifaniya, Adolf Silva, ya yi mummunar faɗuwa a gasar Red Bull Rampage da ake yi a jihar Utah ta Amurka, lokacin da ya yi yunƙurin yin alkafura biyu a iska. An garzaya da shi asibiti a jirgi mai saukar ungulu, kuma daga baya ya sanar da cewa ba ya jin komai daga ƙirjinsa zuwa ƙasa.

Lamarin ya sake taso da muhawarar da aka shafe shekara goma ana yi: shin tsarin gasar ne ke ingiza 'yan wasa zuwa ga halaka?

Yadda gasar take

An fara Rampage a 2001 a kusa da garin Virgin, daf da gandun shaƙatawa na Zion. Wuri ne na busassun tsaunuka masu jar ƙasa, inda ɗan wasa ke gangarowa daga ƙololuwa ta kan siririn doron tsauni da rami hagu da dama.

Babu hanyar da aka shata wa kowa. Kowane ɗan wasa da masu taya shi haƙa suna kwashe kwanaki da shebur da diga suna gina hanyarsa, tare da wuraren tsalle da na dira.

Ƙasar wurin tana da saurin rugujewa, don haka sai an yi ta zuba ruwa ana daddaɓe ta kafin ta riƙe taya. Ga kuma iskar hamada, wadda kan sa a jinkirta wasa, domin kaɗawa ɗaya na iya kautar da mutum daga inda ya nufi dira.

Inda gizo ke saƙar

A tseren gangara na yau da kullum, agogo ne alƙali. A Rampage kuwa alƙalai ne ke ba da maki, bisa wahalar hanyar da mutum ya zaɓa, da girman tsallensa, da salon da ya nuna, da yadda ya sarrafa keken.

Ma'ana, duk wanda ke son nasara sai ya zarce abin da aka gani a baya. A 2013 Kelly McGarry na New Zealand ya yi alkafura a kan rami mai faɗin kusan mita 22, bidiyon ya karaɗe intanet, amma duk da haka na biyu ya zo. Abin da ya girgiza 'yan kallo bara, bana shi ne mafarin lissafi.

Shekara biyu bayan nan, a 2015, Ba'amurke Paul Basagoitia ya karye a ƙashin baya a wannan gasa. Sai da aka kafa asusun neman taimako domin jinyarsa, abin da ya sa mutane da dama suka tambayi dalilin da zai sa ɗan wasan da ya jawo wa gasa 'yan kallo ya koma dogaro da gudummawar jama'a. An sake kafa irin wannan asusu bayan raunin Silva.

Masu kare gasar na cewa ƙwararru ne ake gayyata, kuma su ke zaɓar hanyarsu da kansu. Wannan gaskiya ne. Sai dai ɗan wasan da abincinsa ya dogara ga kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsa ya san cewa sunan wanda ya yi bajinta ake tunawa.

Gasar kuma sai bunƙasa take yi. A 2024 aka buɗe ɓangaren mata, inda Robin Goomes ta New Zealand ta yi nasara, yayin da Brandon Semenuk na Kanada ya lashe na maza karo na biyar.

Soke gasar ba zai hana masu wannan wasa hawa tsaunuka ba. Abin da ke hannun masu shirya ta shi ne su ƙara nauyin makin ƙwarewa da natsuwa a kan na kasada, su kuma tabbatar da cewa duk wanda suka gayyata yana da inshorar da za ta riƙe shi tsawon rayuwa idan ya naƙasa. Wanda ya ci ribar kallo, shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin jinya.