Ba A Yi Wa Allah Fulako

Akwai wata ɗabi'a da mu ke yabo a tsakaninmu, watau fulako: baƙo ya zo da yunwa, a ajiye masa tuwo, ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe ya ke. Sunan unguwar Tudun Fulani, wadda ke bakin garin Minna a kan hanyar Zungeru, cikin Ƙaramar Hukumar Bosso, shi kansa ya kan tuna wa mutum wannan hali. Fulako ado ne tsakanin mutum da mutum. Abin da ya dame ni shi ne yadda waɗansu suka ɗauke shi suka kai gaban Ubangijinsu.

Duk mai tsayawa hira a ƙofar masallaci, a wannan unguwa ko a wata, ya san maganganun. Magidanci ya rasa kuɗin haya, a ce masa ya kai kukansa ga Allah, sai ya ce shi da bai tsare salla ba, da wane ido zai roƙa? Wani ya ce bukatarsa ta yi ƙanƙanta. Wani kuma, wanda ya fi ban tausayi, ya ce ya yi shekara da shekaru yana roƙo bai gani ba, saboda haka ya bari. Daga nan sai ka ga mutum ya ƙulle 'yan kuɗinsa ya kai wa malami ya roƙa masa, alhali kuwa bakinsa lafiya lau. Ban ce neman addu'ar mutanen kirki laifi ne ba. Sayyidina Umaru ma, a lokacin fari, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi (S.A.W.), ya yi roƙon ruwa, amma ai shi ya fito da jama'ar, bai zauna gida ba.

Mai jin kunya saboda zunubinsa ya tuna Annabi Yunusa, wanda ya yi kira daga cikin kifi yana mai amsa laifinsa, aka kuwa fid da shi. Kai, Iblis ma ya roƙi jinkiri, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf, aka ba shi. To, wane ne mai jinkirta sallar Asuba da zai ce ya fi Iblis nisa da ƙofa?

Wannan hanya da ta ratsa Tudun Fulani, in ka bi ta ka wuce Zungeru, Tegina za ta kai ka. A can ne, ran 30 ga Mayu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe yara masu yawa daga makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko, suka riƙe su a daji kusan wata uku, sai a ƙarshen Agusta aka sako su aka kawo su Minna. Uwar da aka ɗauke wa yaro ƙarami ba ta tsayawa lissafin ko ta cancanci a saurare ta. Amma nan kuma wuyar ta ke, domin ba kowane yaro ya dawo da rai ba, kuma babu mai hankalin da zai ce gidan da aka yi rashi su ne ba su iya roƙo ba. Hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito ya nuna cewa mai roƙo ba ya rasa ɗayan uku: ko a ba shi nan take, ko a tanada masa a Lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri kwatankwacin abin da ya nema. Zaɓin dai ba a hannun bawa ya ke ba, abin da zuciya ke ƙi ke nan.

Kada kuwa a ɗauki dogara ga Allah naɗe hannu ne. Iyayen Tegina sun sayar da abin da suka mallaka don ceto 'ya'yansu, kuma mai raƙumi an umarce shi ya ɗaure kafin ya yi tawakkali. Haka nan hukuma ba ta da ikon fakewa da ƙaddara, tun da a watan Fabrairu na shekarar 2021 an riga an kwashe ɗalibai a Kagara, cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Tegina.

Wanda ya daɗe bai ɗaga hannu ba, ina ganin ya fara da istihara, wadda Buhari ya ruwaito daga Jabir. Raka'a biyu ce ta nafila, sa'an nan mutum ya ambaci bukatarsa da sunanta, ya nemi a sauƙaƙe masa ita in alheri ce, a nisanta shi da ita in sharri ce, a kuma sa masa yarda da abin da aka zaɓa masa. Babu sharaɗin mafarki a cikinta, kuma mai bukatar ne da kansa aka koya wa yin ta, ba tare da ya biya ko kwabo ba.